Gaba Goma Sha Bakwai

Fitila muka fara saukarwa, ba mutum ba.
Ta tafi tana lilo a bakin igiya,
ta kai ƙasa, ta yi kamar za ta mutu, ta fasa.
Tankari ya leƙa ya ce, “Rijiya na numfashi. Ku shiga.”

Ni da Nomau muka shiga,
ƙafa na laluben gurbin ƙafar waɗanda suka riga mu.
Sararin Jiratawa ya koma faifai bisa kanmu,
ya koma bakin ludayi,
ya koma ƙwayar dala ta haske.
Kukan jaki ma sai ya tsufa kafin ya iske mu.

Rairayi tukun, mai murmushin mabaci,
sai jan gargari, sai marmara mai cin farce,
sai sanyi ya kama ni a idon sawu.

“Ruwa ina ya kai?” Tankari daga bisa.
“Ƙwauri!”
“Bara hwa?”
“Bara cibiya,” in ji Nomau,
“kuma shekarar da gulbi ya kwana gonakin Safo
sai da na ɗaga haɓa nake magana.”

Ya damƙo abin da ke ƙarƙashinmu, ya murza, ya sansana.
“Wanga ba taɓo ba ne, yumɓu ne.
Taɓo in ka lallashe shi ya sake ka,
yumɓu sai ya riƙe takalminka jingina.”
Na ce laka dai laka ce.
Ya ce, “Haka mai ci a kwano ke cewa, ba mai gini ba.”

Guga talatin muka tura sama:
tsohon wasaki, murfin buta, ƙahon rago,
ɗan kunnen wata da ta daɗe da daina nemansa.

A gabas akwai kogo, daidai faɗin kafaɗa,
ta nan ruwa ke zuwa tun kafin a haife mu.
Yau bakinsa a toshe, rufin ya zauna kan ƙasa
kamar raƙumin da ya ƙi tashi.
Nomau ya manna kunne.
“Yana ciki. Ina jin shi yana tari.
Kamu huɗu, ko biyar, in na ja ciki.”
“Ba ka shiga!” Muryar Tankari ta faɗo da tsakuwa.
“Ramin da ya rufe kansa bai gama rufewa ba.”
Suka yi ta ja, ɗaya a haske, ɗaya a duhu,
ni a tsakiya, riƙe da dagi.

Nan na ɗaga fitila na gan su:
zane uku a bango, ɗaya a karkace.
Hannun babana. Haka yake shaida buhun gero.
Nan ruwa ya tsaya masa ran da ya yashe ta.
Na miƙa hannu, na yi ɗage,
ban taɓa ko na ƙasan ba.

Ban gaya wa kowa ba.
Na durƙusa, na ajiye dagi, na sa yatsu,
ina ƙwaƙule yumɓu loma-loma
kamar mai cire ƙaya daga bakin yaro.
Har gwiwar hannu. Har hammata.
Sai wata iska mai warin tsohuwar randa ta lashi tafina,
bayanta wani zare mai sanyi,
bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba.

Nomau ya kafa kara, ya yi masa shaida da haƙori.
Muka zauna muna kallonsa kamar masu jinya.
Faɗin yatsa ɗaya. Ya tsaya. Ya ƙara rabi.

Da muka fito, rana ta mare mu.
Jarkoki sun yi layi har gindin bedi.
Tsahara ta ce, “Akwai?”
Tankari ya dubi Nomau, Nomau ya dube ni.
Na ce, “Ku dawo bayan la'asar, kada ku zo da duka.”

Kwana uku ina alwala,
yumɓu na fita daga kunnena.